Ranar da Zazzaɓin Yaya Bello Ya Sauka

Shekara tara ke nan da muka binne yayana Bello a Unguwar Gai. Har yau in na ji uwa ta taɓa goshin ɗanta ta ce, "Alhamdu lillahi, jiki ya yi sanyi," sai gabana ya faɗi.

Yaya Bello malamin jami'a ne, amma a gida sunansa Likitan Ɓera. Baffa, ƙanen mahaifinmu, shi ya laƙa masa, don a ganinsa abin kunya ne wanda ya tashi cikin shanu ya ƙare a kiwon fararen ɓeraye. Aikinsa shi ne bin abin da ke faruwa a jikinsu idan ƙwayoyin cuta suka mamaye jini. Yakan ɗebi jinin kaɗan-kaɗan, ya auna sinadaran da ake kira homon, waɗanda ke riƙe da ƙarfin jini. Duk gidan ni kaɗai nake sauraronsa, ina tsintar wake yana zuba. Ya ce da farko sinadaran tashi suke yi, jiki na faɗa, daga baya wasunsu su ƙare kamar rumbu a tsakiyar damina. "Hauwa," in ji shi, "ɓeran da ke zafi yana mutsu-mutsu ba ya ba ni tsoro. Wanda ya yi sanyi ya yi lamo, shi ne ya kusa tafiya."

Da kaka ya zo hutu, ya shiga girbin dawa don kada a ce boko ya kashe masa zuciya. Kututturen kara ya soke shi a ƙafa. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba, domin a gidanmu namiji ba ya cewa wayyo. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: shi da ya fi kowa sani, shi ya fara ɓoyewa. Har yau ina jin haushinsa a kan wannan.

Bayan kwana uku zazzaɓi ya kayar da shi, har yana sambatu. Aka kira mota daga Kibiya. Kafin ta iso da hantsi, zafin ya sauka, ya yi shiru. Inna ta yi hamdala. Baffa ya ce, "A sallami mai motar, sauƙi ya samu."

Na riƙe hannunsa, na ji shi kamar gindin randa. Na sani. Wallahi na sani. Amma maza na tsaye a ƙofar ɗaki, kuma 'ya mace ba ta tanka wa Baffa a gaban mutane, sai na sunkuyar da kai. Da la'asar jikin ya rikice, aka kai shi asibitin Rano. Likita ya tambaya, "Tun yaushe ya yi sanyi haka?" Yaya bai kai magariba ba.

Da zai dawo yau, me zai gani? Waya a hannun kowa, shagon magani a kowace kwana, ana sayen kafso biyu a sha a ce an warke. Tafin hannu a goshi kuwa har yanzu shi ne babban likitanmu. Littattafansa suna cikin akwati, gara ta fi mu karanta su. Baffa yakan ce ajali ne, ban kuma musa ba. Sai dai ajali bai rufe mini baki ba, ni na rufe abina, alhali ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Allah ya haskaka kabarinsa. Abin da ya bari a hannuna maganar ɓeran nan ce kawai. Bara jikar Baffa ta yi irin wannan sanyin bayan ta haihu, Baffa ya sake cewa a dakata. Na ɗaga murya a gaban surukai, na tare ƙofa har aka sa ta a mota. Tana nan da ranta, tana goyo.

Baffa bai gode mini ba, cewa ya yi ba ni da kunya. Gaskiyarsa. Kunyata tana maƙabartar Unguwar Gai, tare muka binne ta da Yaya.