Ƙullin Ci Na Uku

Da hantsin wata Talata 'yan bindiga sunka shiga ƙauyenmu, kusa da Gatawa. Sunka ƙone rumbuna, sunka kore shanu. Ni na yi kudu da iyalina, munka kwana biyu a hanya kafin mu kai Isa. Taubashina ya yi arewa da nasa iyalin, ya tsallaka Nijar. Tun ranar ban sake ganin fuskarsa ba. Wasan da muke yi da shi yana biyu da biyu.

Ɗan kawuna ne, ni ɗan goggonsa. Gonakinmu iyaka ɗaya, akwai tsamiya a tsakani. Daga ni har shi babu wanda ya yi boko. Ƙwallo a rediyo munka san ta, sai gidan kallo na Sabon Birni ranar kasuwa, inda mai gidan kan sa tsofaffin wasanni in babu sabo. Wasu 'yan wasan mun gan su a allo. Wasu labarinsu kawai munka ji, sun mutu tun ba a haife mu ba.

In rana ta take munka aje hauya, sai mu zauna gindin tsamiya. Ya zana fili a ƙasa da kara. Kowa ya ɗebi mutum goma sha ɗaya cikin gwanayen duniya, mai rai da matacce, ya jera. Sunayensu sun yi wa harshenmu nauyi, sai munka raɗa masu namu, kuma kowa da ƙwallon itacen da ke tsaya masa. Gajere Mai Hagu ƙwallon magarya ne. Sarki, ɗan Barazil, ƙwallon dabino. Sanƙo aduwa. Waɗannan duk nasa ne. Ni ina da Baƙar Riga a raga, ƙwallon tsamiya, da Mai Shara, Bajamushen da ke tsayawa bayan 'yan baya yana kwashe abin da ya zubo. A gefe ina da Barewa, mai gudu.

Ba a buga komai. Da baki ake yi. Ka matsa ƙwallonka, ka faɗi abin da mutuminka zai yi, ɗayan ya faɗi yadda zai tare. Doka ɗaya ce: ci ba ya zama ci sai wanda anka ci ya amsa da bakinsa. Ba mu da alƙali. Shi ya sa wasa ɗaya kan cinye damina guda.

Shi mutum uku yake bari a baya, sauran duk gaba. Ni biyar nake jerawa, in ƙara biyu a gabansu.

"Bawan gidanmu," ya kan ce, "wagga ƙungiya ce ko ganuwa? Ka tara manyan duniya ka sa su gadi?"

"Shigo ka gani."

"Za ni shigo. Ga Gajere ya karɓa. Mi za ka yi mai?"

"Mutum biyu. Ɗaya gaba, ɗaya baya. Su tura shi ƙafar dama."

"To Sarki fa? Wa ka bar mai? Goggo?"

"Mai Shara na nan."

"Mai Shara, Mai Shara! Mutum guda za ya share duniya? Ko tsintsiya tana gajiya."

Shi in an ci shi, dariya yake yi ya amsa nan take, ya ce bari ya rama. Ni akwai cin da ya yi mini, na yi kwana uku ban amsa ba. Ya bi ni rijiya, ya bi ni masallaci, yana tambayar mutane ko sun ga wani gola da ya ɓata. Rana ta huɗu na ce, "Ta shiga." Ya tsaya tsakiyar hanya ya yi rawa da hauya a kafaɗa, mutum mai 'ya'ya biyar.

A Isa na kama dako a kasuwa. Lokacin an yanke sabis, waya ba ta zuwa ko'ina. Wata huɗu ban san ko yana raye ba. Ban tambayi kowa ba, don na ga abin da tambaya ke jawowa.

Wata ranar kasuwa wani ɗan garin Tsamaye mai kai kaya Nijar a babur ya tsaya kaina ina sauke buhu.

"Kai ne taubashin mai surutun nan?"

Na ce ni ne.

Ya miƙo mini tsumma a ƙulle. Na kwance. Igiya ce, an huda ƙwallaye goma sha ɗaya an zura, an raba su layi-layi da ƙulli: gola, 'yan baya, 'yan tsakiya, 'yan gaba. A ƙarshenta jan zare mai ƙulli biyu, cin da na yi masa ke nan.

"Ya ce in gaya maka an dawo hutun rabin lokaci. Wai ya maida Sanƙo hagu, ka san inda za ka sa tsintsiyarka."

Na zauna bisa buhun. Na ƙirga ƙwallayen sau uku. Mai kayan yana kirana ban ji ba.

Haka munka ci gaba. Ni ma na huda nawa da basilla. Bayan mako biyu ko uku ɗan Tsamaye ya kai tawa igiya, ya dawo da ita haɗe da tasa, da saƙon baki a kai. Bai san ƙwallo ba, amma ba ya rage magana, har zagin yana kawowa daidai.

"Ya ce 'yan bayanka sun tsufa a tsaye, a kai masu tabarma."

"Ka ce mai har yanzu bai wuce su ba."

"Shi ke nan? Shi fa ya yi mini maganar da ta kai rabin hanya."

"Shi ke nan."

Da sabis ya dawo taubashina ya kira ni. Ya yi surutu har wayar ta yi zafi a kunnena. Ya so mu maida wasan waya, na ƙi. A waya kafin in tuna amsa ya ci ni uku. Igiya tana ba ni mako biyu in yi tunani. Ya ce tsoro ne. Na ce ya kira shi abin da ya so. Waya ta zama ta gaisuwa, wasa ya zauna a igiya.

Farkon damina ta biyu igiyarsa ta zo da mutum biyu kawai a baya. Ya cire ɗaya ya kai gaba. Ɗan Tsamaye ya ce, "Kuma yana zancen za ya leƙa gona. Wai ruwa ya sauka, zaman banza ya ishe shi."

Na kira taubashina a waya.

"Kar ka tahi."

"Kwana uku ne. In shuka gero in dawo. Har taka za ni shuka maka, raggo."

"Suna nan. Ba su tashi ba."

"Kai kullum suna nan. A fili suna nan, a gona suna nan. Duba igiya dai, mutum shida na aiko maka. Gaya wa Baƙar Riga ya yi alwala."

Na ce kar ya tafi, sau biyu na faɗa. Ban iya dogon zance ba. Da na iya, wataƙila da ya tsaya.

Na shimfiɗa igiyarsa kusa da tawa a ƙasa, na duba. Ƙofar a buɗe take. Sanƙo ya hau gaba, babu mai komawa. Mai Shara ya ƙwace daga ƙafar Sarki, ya ɗaga doguwa ta bisa kan kowa zuwa gefe. Barewa ya bi ta. Mutum biyun nan, in ɗaya ya fito tare shi, tsakiya ta zama wayam. In bai fito ba, Barewa ya shiga da ita har gaban gola. Ko ta ina ci ne. Shekara goma sha wani abu muna wasan nan, ban taɓa shiga gabansa da ci ba.

Na faɗa wa ɗan Tsamaye saƙon sau uku har ya riƙe. Na haɗa da igiyar taubashina, don ya ƙara ƙulli na uku a jan zaren.

Bayan kwana goma sha takwas ɗan Tsamaye ya dawo. Ban duba fuskarsa ba, hannunsa na duba. Ƙulli biyu.

Matar taubashina ta ce mijinta ya fita ranar Alhamis da iri da gora, ya ce kwana uku. Wayarsa a kashe. Daga baya wani ya ce an gan shi cikin waɗanda anka kora daji. Wani ya ce a'a, ya bi masu haƙar zinari arewa. Wani ya ce ya ga mai kama da shi a hanyar Bafarawa. Babu wanda ya ce ya ga gawa.

Ɗan Tsamaye ya aje igiyar a hannuna.

"Ƙulla abinka. Ci ne. Ko ni da ban san ƙwallo ba na gani."

"Ba ni ke ƙullawa ba."

"To wa za ya sani?"

"Maida ta. Ka ce wa matarsa ta rataye ta bakin ƙofa, inda in ya shigo za ya gani."

Ya maida. Ya ce tana nan rataye.

Na san abin da taubashina zai ce in ya gani. Zai ce Barewa ya yi satar gida. Na shirya amsa: ɗan bayansa na dama bai taɓa fitowa da wuri ba, shi da kansa ya sha faɗa. Zai ce golansa ya fito ya tare. Wannan ma na shirya. Wani lokaci ina ɗauke da buhu sai in ji ina ba shi amsa a fili, abokan dako su waiwayo. Da zai zo ya ƙaryata cin nan, ya bi ni rijiya da masallaci yana mini tsiya, da na bar masa.

Damina biyu ta wuce. Ban taɓa jerin mutanena ba, don ba a canji sai ɗayan ya amsa. Ina Isa, ina dako a kasuwa, ina kwana a ɗakin aro bayan tasha da matata da 'ya'yana. Igiyata tana aljihun rigata. Duk ranar kasuwa ina tsayawa inda babura ke shigowa daga arewa. Biyu da biyu muke.