Mai Jaka Ta Ƙetare Kwalbati

Ranar da aka raba unguwarmu biyu, yayyafi ake yi tun asuba. Ina zaune a rumfata ta gyaran keke, na ga mutum uku da lema sun tsaya a kan kwalbatin da ya ratsa titinmu, suna nuna gabas da yamma da biro. Masu bincike ne. Ta huɗunsu ba ta da lema, jakarta ta ɗora a ka. Ita ce Mai Jaka.

Haka kowa ke kiranta. 'Yar direban motar shara ce, mijinta ya rasu ya bar mata yara biyu, aka koya mata aikin lafiya na wata shida. A jakar akwai abin awon hawan jini, da na zafin jiki, da wani siririn tef mai kala uku da take naɗa wa yaro a damtse don ta ga ko ya rame. Ba ta yin allura. Shiga gida take yi, ta zauna, ta auna, ta ce wa mutum ya tafi asibiti yau, kada ya bari sai gobe.

Daga baya ta bayyana mini tsarin. Gidajen gabas da kwalbati za ta riƙa bi, na yamma ba mai zuwa. Bayan shekara biyu a gwada gabas da yamma. In an ga bambanci, a ɗauki irinta da yawa. In ba a gani ba, a rufe aikin.

Gidana a yamma yake, taku goma sha biyu daga kwalbatin.

Wata uku da farawa, matata ta tashi da jiri, ƙeyarta na sara. Na tare Mai Jaka a hanya.

"'Yata, ki duba mini tsohuwar nan."

"Baba, kai ɗan yamma ne. An hana ni."

"To in ɗauko ta a baro in sauke miki a gabas?"

"Da wannan bayan naka? Sai dai in auna mutum biyu."

Ta waiga hagu da dama, ta biyo ni. Da ta auna jinin matata ta ga lambar, sai ta daina wasa, ta tsaya a kanmu har muka sami mota. A asibiti aka ce da mun ƙara kwana, da ɓarin jikin matata ya shanye.

Matata ba ta iya riƙe alheri a ciki. Ta gaya wa matar tela, matar tela ta gaya wa sarakuwarta. Kafin wata biyu, Mai Jaka in ta gama gabas da la'asar, sai ta ƙetaro ta bi mu gida-gida. Ba ta rubuta ko ɗaya a takardunsu ba, tana tsoron kada a ce ta karya doka a sallame ta. Mu ma muka rufa mata asiri. In masu tambaya suka zo, sai mu ce ba mu santa ba.

Da shekara biyu ta cika aka tara mu a barandar ƙaramin asibiti. Shugabar binciken, wata mace mai tabarau da ladabi, ta ce ramar yara ta ragu, masu hawan jini suna shan magani, amma gabas da yamma duk ɗaya. Tunda babu bambanci, ba za a iya cewa aikin ne ya kawo sauƙin ba.

Ban saba magana a taro ba, amma na miƙe.

"Ranki ya daɗe, ai mu ma tana zuwa mana."

Ta cire tabarau. "Tun yaushe, Baba?"

"Tun farko-farko."

"Akwai a rubuce?"

Mai Jaka ta sunkuyar da kai.

"Sau huɗu muka tambaye ku," in ji shugabar, a hankali. "Rahoto ya riga ya tafi."

A ƙarshen watan aka karɓi jakar. Na je na ba ta haƙuri, don ni na fara kiranta. Ta ce, "Baba, ko yau ka kira ni zan zo. Sai dai da hannu kawai."

Ƙafafun matata sun fara kumbura, rabon da a auna ta wata bakwai. Ba a ɗauki kowa a gurbin Mai Jaka ba. Yanzu tana aikin shara da goge-goge a wani shagon magani a bakin kasuwa, daga safe zuwa magariba.