Layin da Merrin ba ta gyara ba

Merrin Halloran ta daɗe tana rubuta wa kwamfuta umarni a wani ƙaramin kamfani a birnin Hobart. Aikinsu shi ne gaya wa injunan gonar kifi lokacin watsa abinci. Teburinta na kallon na Des Pavlich, kuma a kan abu ɗaya ba su taɓa shiryawa ba.

Ita jera sharuɗɗa take yi, kowanne a layinsa da amsarsa a gefe: idan ruwa ya yi ɗumi, a rage abinci, idan iskar cikin ruwa ta yi ƙaranci, a dakata. Na'ura ta karanto daga sama, wanda ya fara dacewa shi ke nan. Shi kuwa Des cusa "idan" yake yi cikin "idan", har mai karatu ya manta ta inda ya shiga.

"Tsoho, wannan rubutu ne ko koma ce ta harɗe?" in ji ta.

"Ke dai ci gaba da shanya wankinki, uwar tsafta. Kifin bai taɓa kawo ƙara ba."

Da hunturu Des ya yanke jiki ya faɗi a wurin ajiye motoci. Aka yi jana'iza, aka sha shayi, aka ɗauke kujerarsa.

Callum, shugaban sashen, ya same ta. "To, Merrin, abin nema ya samu. Mayar da nasa duka irin naki."

Ta ce to. Kullum sai ta buɗe ɗaya daga cikin rubuce-rubucen Des, ta warware, ta jera, gwaji ya wuce lafiya. Sunan Des da na'ura ke nunawa a gefen kowane layi ya riƙa komawa nata. Ba daɗi, ba ciwo. A gaban allon kwamfutar take cin burodinta.

Har ya rage saura ɗaya, mafi muninsu. Kafin shayinta ya huce za ta iya jera shi. In ta taɓa shi kuwa, sunan Des ya bar aikin ke nan.

Ta jima tana kallonsa. Callum ya leƙo.

"An gama?"

"An gama."

"Wannan curin fa?"

"Kifin bai kawo ƙara ba."

Ta rufe allon, ta je ta wanke kofinta. Ta wanke na Des da ke kusa da shi ma, ko da yake ba wanda ya sha komai a ciki.