Hoton Kawu Sale Guda Ɗaya

Duk wanda ya san Kawu Sale, yayan mahaifiyata, ya san ba ya gaisawa da mutum sai ya juya shi. Ka miƙa masa hannu, ya kama kafaɗarka ya karkata ka wajen haske, sannan ya ce, "Yauwa, yanzu na gan ka. Ina kwana?"

Ya tsufa yana ɗaukar hoto a kasuwar Gadarif, amma shi bai taɓa bari an ɗauke shi ba. Fitilar kyamara kuwa gaba yake da ita, wai tana mayar da mutum kamar wanda ya yi arba da kura. Wani ango daga Mafaza ya zo masa da tsakar rana yana sauri. Kawu ya zuba masa shayi, ya ce a jira la'asar.

"Motarmu za ta tashi, Malam."

"Ta tashi. Gobe akwai wata. Wannan yamutsattsiyar fuskar kuwa jikokinka za su gada."

Angon nan a Gadarif ya kwana.

Ni da wayar Inna ya koya mini ɗaukar hoto. Ba ni da yawan magana, ya ce hakan ya fi, mai surutu ba ya ganin inuwa. Yakan sa ni riƙe farantin shayi don ya mayar da haske ƙarƙashin haɓar mutum. Ranar da Inna ta nemi farantinta ta rasa, bayan rumfa ta same mu muna haska akuya.

"Yaya, baƙi fa suna jira."

"Su ma zan zo kansu."

Da ciwo ya kwantar da shi, 'yarsa Hajara, wadda yaƙi ya kora daga Khartum zuwa Masar, ta yi ta roƙo a tura mata fuskar babanta. Duk wanda ya ɗaga waya, sai Kawu ya ja mayafi ya rufe kai. Wata safiya na tsaya bakin ƙofarsa, waya a bayana.

"Kin tare mini ƙofa," in ji shi. "Buɗe taga. Ba wannan ba, ta gabas. Tsuguna. Jira girgijen ya wuce."

Girgije ya wuce. Na ɗaga wayar. Na danna daidai lokacin da yake ce mini in riƙe numfashi, bakinsa a buɗe, ɗan yatsa a sama.

Ya daɗe yana duba hoton. "Haske ya yi. Mutumin ne ya lalace. Tura mata."

Hajara ta ce kada a sake wani, haka ta san shi, yana faɗa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya makwancinsa, ya haskaka kabarinsa.