Ranar da Hannun Gwana Ya Ƙi Kumbura

Shekara talatin da ɗoriya Gwana ta yi tana kitso, kuma ba a taɓa jin ta ce wa mace je ki ki dawo gobe ba. Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin tela da mai gyaran waya. A ciki akwai madubi mai tsagewa ta gefe, kujerarta mai tsayi, matashin zaman wadda ake yi wa, da bencin masu jira waɗanda ba sa zuwa sai da labarin unguwa a baki. Tana 'yar shekara tara ta fara koyo a kan ƙannenta, suna kuka tana ja. Kafin ta yi aure sunanta na gaskiya ya riga ya ɓace, kowa Gwana yake cewa, har uwar mijinta. Tsagarta sai ka ce an sa zare an auna, kitsonta kuma yakan yi wata guda bai tashi ba. Da yatsun nan goma aka yi rabin ɗawainiyar 'ya'ya huɗu.

Shekara shida ke nan da yatsun suka fara yi mata gardama. Da safe abin yake zuwa. Ta farka ta tarar sun ƙage, gaɓoɓin sun kumbura sun ɗauki zafi, ba ta iya murɗe murfin kwalba, ɗaurin ɗankwali ma sai ta haɗa da haƙori. Sai ta dafa ruwa ta tsoma su, ta yi ta lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya kamar mai lallashin yara su tashi makaranta. Wajen ƙarfe goma sai su sake. Dole ta mai da buɗe shago daga ƙarfe takwas zuwa goma da rabi, matan unguwa kuwa suka ce ai Gwana ta yi arziki, barcin safe take yi yanzu.

Maganar matan unguwa ba ta dame ta kamar ta mijinta ba. Direba ne, motar ma'aikatan wani kamfani yake ja. Biyar da rabi na asuba ya fita, sai bayan magariba ya dawo, ranar hutunsa kuwa barci yake har rana ta take. Saboda haka hannun yamma kaɗai ya sani, wanda ya wuni yana kitso ya dawo yana yanka albasa. Kada a ɗauki alhakinsa, mutumin kirki ne, yakan sayo mata man zafi ba ta tambaya ba. Sai dai yana miƙa mata yana dariya.

"Maman yara, ciwon nan naki ɗan boko ne. Yana da lokacin shiga ofis, yana da lokacin tashi."

Ita ma takan yi dariyar, don in ba ta yi ba kuka za ta yi. Ta gaya masa sau ba adadi, a zaune, a tsaye, da wasa, da faɗa. Kullum amsar ɗaya ce: gajiya ce, ki rage aiki. Likitocin ƙaramin asibiti ma haka suka yi ta jifanta da ita. Wannan ya ce shekaru ne, alhali ba ta kai hamsin ba. Wancan ya ce ta rage ƙiba, kamar da yatsu take taka ƙasa. Sai wani da Allah ya sa ta je masa da sassafe, ya riƙe hannun ya daɗe yana kallo, ya rubuta mata takarda zuwa babban asibiti wurin likitan gaɓoɓi. Aka ba ta rana: wata Alhamis, nan da wata biyar.

Wata biyar ɗin nan Gwana ta yi su tana tara magana. Magani tana so, ba shakka. Amma abin da ta fi so shi ne likita ya riƙe hannun nan a gaban Direba, ya kira ciwon da sunansa, ta juya ta kalle shi. Ba za ma ta ce komai ba, kallon ya isa.

To, a nan ne halin Gwana ya yi mata aiki. Alhamis ita ce ranar cikar shago, ga shi an ce mata ta ware har Juma'a saboda gwaje-gwaje. Mata goma sha ɗaya ne suka riga suka kama layi a kwanakin biyu. Kowace mai hankali da sai ta ce musu su yi haƙuri sai wani mako. Ban da Gwana. Ta kira su ɗaya bayan ɗaya ta jawo su baya, ta cusa su cikin kwana goman da suka rage, a kan waɗanda ke ciki da ma. Da ta ga hannun ba zai kai ta ba, sai ta tsallaka titi wurin mai kemis.

"Anti, akwai wasu 'yan ƙanana farare," in ji shi. "Biyu da safe, biyu da yamma. Sai kin manta kina da gaɓa."

Bai yi ƙarya ba. Kwana uku da fara sha ta farka ta murɗe murfin kwalba ba ta ma lura ba. Ta buɗe shago ƙarfe takwas, har tela ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Ta gama kai goma sha ɗayan nan ranar Laraba da la'asar, ba wadda ta yi ƙorafi, ta share shago tana waƙa. Ko sau ɗaya bai zo mata a rai ba cewa tana kashe shaidarta da hannunta.

Ranar Alhamis ta ci kwalliya, don ba za ta je gaban likita kamar wadda aka koro ba. Direba ya ɗauki hutun kwana ɗaya yana mita, wai wanda zai riƙe masa motar bai iya shan kwana ba. Suka yanki kati, aka nuna musu wani dogon baranda mai benci biyu da fanka ɗaya da ke juyawa kamar an tilasta ta. Masu jira sun fi talatin. Wasu da sanda, wasu a keken marasa lafiya, wasu yatsunsu sun karkace gefe guda. Wata tsohuwa da ke kusa da ita ta dubi kwalliyar, ta dubi hannun, ta ce, "'Yar nan, wa kika kawo?"

Sai a lokacin Gwana ta kalli hannunta da kyau. Sumul. Rabon da ta gan shi haka tun kafin ta yaye autarta. Ta tura shi ƙarƙashin mayafi, ta yi ta matsa gaɓoɓin a ɓoye ko Allah zai sa ɗaya ta amsa. Awa huɗu suka yi a kan bencin nan, Direba yana duba agogo kamar agogon ne zai kira su, ita kuma tana roƙon abin da ta yi shekara shida tana roƙon a raba ta da shi.

Likitar mace ce, ba yarinya ba, da tabarau rataye a wuya da fuskar wadda ta ga mutum ashirin tun safe. Ba ta da garaje. Ta tambayi sana'a, ta tambayi yaushe ya fara, ko akwai mai irinsa a dangi, ko ido yana bushewa, ko ƙuraje suna fitowa. Gwana ta zo da labari tsararre daga farko har ƙarshe, amma tambayoyin suka yi ta yanka shi gunduwa-gunduwa.

"Da safe, yakan ɗauki minti nawa kafin yatsun su sake?"

"Ba minti ba ne, likita. Awa uku, wani lokaci huɗu."

Direba ya yi gyaran murya.

"Baban yara, in da magana ka faɗa," in ji Gwana.

"A'a, ba komai. Ni dai gaskiya ban taɓa gani ba, likita. Kullum na dawo aiki take yi."

Likita ta juyo ga Gwana. Ta jawo kujera, ta karɓi hannun dama, ta bi gaɓoɓin ɗaya-ɗaya tana matsawa da yatsu biyu. "Nan fa? Nan fa?" Gwana ta so ta ce wayyo. Wallahi ta so. Amma ba ta iya ƙarya ba, kuma wurin ko ɗis. Aka ce ta dunƙule hannu, ta dunƙule tam kamar ɗan dambe. Aka ce ta cire zobe, zoben da ya yi shekara huɗu ya ƙi fita ko da sabulu, sai ga shi ya zame ya faɗi kan tebur yana ƙara. Direba ya yi murmushi yana kallon silin.

Likita ta ajiye hannun a hankali. "Kin sha wani magani kwanan nan?"

Gwana ta buɗe jaka ta fito da sauran ƙwayoyin. Likita ta karanta bayan takardar, ta rufe ido na ɗan lokaci.

"Kwana nawa?"

"Goma. Aiki ne ya taru mini, likita, don in samu zuwa nan. Ba na so in ɓata wa mutane."

"Hajiya, wannan ba ya warkar da ciwo, ɓoye shi yake yi. Yana kwantar da kumburi, har a jini yakan rage alamar. Ni aikina in ga kumburin, in taɓa shi, in ƙirga gaɓa nawa ya kama. Kin share wurin tas kafin in zo dubawa."

Daidai nan wayar Direba ta yi ƙara. Wanda ya riƙe masa mota ne. Ya ce a yi masa afuwa, ya fita baranda, suna jin muryarsa yana faɗa a kan birki.

Likita ta jawo takarda tana rubutu, ba ta ɗago ba ta ce, "Ni na yarda da ke. Abin da kika faɗa ba irin wanda ake ƙirƙira ba ne. Ciwo ne na gaske, kuma kin daɗe da shi."

Gwana ta juya ta kalli ƙofa. A rufe take. Shekara shida tana jiran kalmomin nan, aka faɗe su daga ita sai kujerar da babu kowa.

"To mene ne sunansa, likita?"

"Ina da zato, amma ba na sa wa ciwo suna da zato. Maganin da nake tunani mai ƙarfi ne, ba a fara shi sai an tabbata, an duba hanta da ƙoda." Ta miƙo takardu uku: gwajin jini, hoton ƙashi, da yadda za ta rage ƙwayoyin sannu a hankali, don yanke su lokaci ɗaya ma wata matsalar ce. "Ki dawo bayan mako takwas. In ya kumbura da safe a ɗauki hotonsa a waya, hannu biyun tare, a wuri mai haske. Kuma don Allah kada ki sake tsallaka titin nan."

A baranda Direba ya tare ta yana sa waya a aljihu. "An gama? To alhamdulillahi, tunda ba a ga komai ba. Da ma na ce miki gajiya ce."

"Ta ce ta yarda da ni."

"Ai dole ta ce haka, aikinsu ne kwantar da hankali."

Suka kama hanyar gida. Ta cika ta yi fam, ga shi ba ta san wa za ta sauke wa ba. Mai kemis abin da ta roƙa ya ba ta. Likita gaskiya ta faɗa. Matan nan goma sha ɗaya suna can suna yawo da kitso mai kyau, babu wadda ta san abin da ya ci. Duk inda ta juya laifin kanta yake dawowa, kuma wannan ya fi komai ƙona rai.

Mako uku bayan ƙwayar ƙarshe ciwon ya dawo, har da ramuwar kwanakin da aka hana shi. Wata Talata ya tashe ta tun kafin Direba ya gama shiri. Ta zauna a bakin gado ta ɗora hannuwan a cinya. Ta yi ƙoƙarin ɗaukar wayar, ta suɓuce. Ko da ta ɗauka ma, hannu biyu ake so a hoton, da wanne za ta danna? Direba ya riga ya sa takalmi, makullin mota a hannu.

"Baban yara, zo ka ɗauki hoton nan."

"Yanzu? Kin san mutum arba'in ke jirana a hanya."

"Su jira."

Bai taɓa jin ta ce wani ya jira ba. Ya dawo, ya kunna fitila, ya ɗauki wayar yana gunaguni. "To miƙe su mana, a dunƙule zan ɗauka?"

"Iyakar miƙewarsu ke nan."

Ya sa hannu zai buɗe mata yatsa ɗaya, ta ja numfashi da ƙarfi har ya saki da sauri. Ya durƙusa. Gaɓoɓin sun yi suntum suna sheƙi, zafinsu yana taɓa tafinsa, zoben ya nutse cikin nama. Ya juya hannun, ya sake juyawa, ya ajiye makullin a ƙasa. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja.

"Haba, maman yara. Haka abin yake? Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

Gwana ta kalle shi. Ba irin kallon da ta yi wata biyar tana tanadi ba ne, wannan ba daɗin komai a cikinsa.

"Ɗauki hoton," ta ce, "kafin ya sake ɓuya."