Tabon Rana a Rigar Surukina

Muna sallame sallar asuba muka bar Unguwar Shanu a ƙafa, ana yayyafi. Mu uku ne: ni, da surukina, da mai gyaran rediyon bakin tashar Kawo. Ba zumunci ne ya haɗa mu ba, bari ku ji.

Shekara uku ke nan ina bin rana. Ina da madubin hangen nesa da na saya a gwanjon wani Bature, amma ba na sa ido a cikinsa, don makanta ce nan take. Saita shi nake yi hasken ya faɗa kan farar takarda, in zana baƙaƙen tabon da ke fuskar rana. Na karanta cewa a wurin tabon nan rana kan yi aman wuta, in ta yi sai tashoshin rediyo na nesa su ɗauke. To ran nan da tsakar rana rediyon surukina ya yi tsit, kwana biyu da karɓo shi daga gyara. Can maganar ta dawo, amma ya riga ya gaya wa majalisa cewa mai gyara ya zare masa kayan ciki ya sa tsofaffi. Da aka ce na wasu ma sun ɗauke, ya ce ai duk hannun mutum ɗaya suka bi. Kafin kwana uku rumfar bawan Allah ta koma ba kowa, kuma da ita yake ciyar da iyali.

Ni kuwa ba ni da bakin ce wa uban matata ya yi kuskure. Ta bakinta na aika cewa rana ce. Amsa ta dawo: in rana ce, a nuna masa. Ga tsakiyar damina, Kaduna ta kwana huɗu cikin hadari, tabon kuma ba ya jira, in ya kai gefen rana ya ɓace ke nan. Na ɗauki hutu a ofis, na ƙudurta sai mun bi arewa mun sami inda rana ta fito, ko Katsina ce sai mun kai.

A Kawo muka shiga ƙaramar bas, sule shida zuwa Zariya. Direban Bazamfare ne mai son hira, ya ce tun yana yaro bai taɓa ɗaukar masu neman rana ba. Surukina ya zauna gaba da farar babbar rigarsa, bai ko waiwayi mai gyara ba. Ya sayi ƙosai ya miƙo baya, ni kuma yaya zan yi tauna a gabansa? Na ce na ƙoshi. Ƙarya nake, cikina kuka yake har Jaji.

Zariya ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muka sake mota zuwa Funtuwa, titi duk taɓo, dawa da masara sun rufe gefen hanya sun fi mutum tsayi. A tashar Funtuwa na zagaya bayan wata babbar motar roka na cinye gasasshiyar masara biyu a tsaye, kwabo-kwabo. Mai gyara ya same ni nan, ya ce, "Malam, mu koma haka nan, kada ka ɓata da gidan surukanka saboda ni." Raina ya sosu ƙwarai. Na ce masa mota ta gaba za mu shiga.

Sai da muka doshi Malumfashi bayan la'asar sama ta tsage ta yamma. Na roƙi direba ya sauke mu a bakin wata gona. Na buɗe jaka, sai na tarar ruwan Zariya ya shiga, takarduna sun zama kunu. Ga rana, ga hadari yana sake haɗowa, kuma babu wani farin abu a wurin sai rigar surukina.

Na durƙusa na ce, "Baba, a yi mini afuwa, a ɗan ware hannun riga."

Ya harare ni, amma ya ware. Mai gyara ya riƙe ɗaya gefen, na saita madubi. Rana ta sauka a kan rigar, zagayayya kamar faifai, da wasu baƙaƙen ɗige-ɗige cunkushe wuri guda. Ya sa hannu ya kaɗe, yana zaton ƙuda ne. Ba su tashi ba. Ya kankara da farce, sai suka hau bayan hannunsa.

"Mi ne ne wannan?" ya ce a hankali.

Na ce, "Baba, a jikin ranar yake."

Ya daɗe yana kallo, yana tasbihi, har hadari ya rufe. Muka juyo gida. A Funtuwa dai na ga ya ɓare goro ya miƙa wa mai gyara rabi.

Mun iso Kaduna a gajiye, tufafi jiƙe. Washegari da hantsi surukina ya ɗauki rediyonsa da kansa, ya ratsa ta gaban majalisa har rumfar Kawo, ya ce a sa masa batir, ya zauna kan benci inda kowa zai gan shi har azahar. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, babba ba ya cewa ya yi kuskure da baki, da ƙafa yake faɗa, sai dai ka share masa hanya.

Jiya ya aiko ta bakin 'yarsa, wai rana ta fito, in zo da madubin. Ya sa an wanke farar rigar.