Wayar Inna Rabi

Har yau ban manta da wata Lahadi a kasuwar Mai'adua ba, lokacin da wayoyi masu shafawa suka fara yawa a Daura. Ina mai tsaron shagon wayar Alhaji Sani, kuma a tsarinmu duk ranar kasuwa ni nake ɗaukar kaya in kafa tebur can.

Da hantsi wata mata ta zo riƙe da hannun mahaifiyarta, Inna Rabi, daga wani ƙauye a Sandamu. Ta ce, "Malam, waya mai ƙara muke so. Kunnen Inna ya yi nauyi. Yayanmu Lawal yana aiki a Fatakwal, in ya kira ba ta jin komai, har ta daina karɓa. Cewa take ya mance da ita."

Na gwada duk mai ƙarar da nake da ita. Inna sai girgiza kai take. Suna shirin tafiya na lura in 'yar na magana, bakinta tsohuwar ke kallo, kuma tana amsawa daidai.

Na ce, "Yayan naku yana da babbar waya?"

"Yana da ita."

Na karɓi lambarsa, na ɗauki wata mai shafawa a teburina na yi masa kiran bidiyo, wato wanda ake ganin juna. Da ya ɗauka na ce, "Malam Lawal, ka matso da fuskarka, ka yi magana a hankali."

Inna ta ƙura wa gilashin ido. Ya ce, "Inna, kin ci abinci?"

Ta dafe ƙirji. "Na ci, ɗan nan! Kai ne ba ka ci, dubi wuyanka!"

Masu hatsin da ke gefenmu suka kwashe da dariya. Ta yi masa faɗan rashin zuwa Sallah, ta ba shi labarin haihuwar akuyarta, har rumfar ta cika da 'yan kallo. Wayar suka saya suka tafi da ita, Inna ta ƙulle ta a gefen zane.

Ku da kuka shigo sana'ar nan yanzu, sabon samfuri zai zo muku kullum, kwali na sheƙi. Ni daga ranar na gane sabon abu na gaskiya shi ne wanda ya mayar wa mutum abin da ya fidda rai da shi. Shi ya sa kafin in buɗe kwali nake tambayar mai saye, "Me ya dame ka?"